Babi na Bakwai: Wa Zai Zaɓi Hanya, Mutum ko Na'ura?

Duk lokacin da aka zura kati a na'urar POS, ko mutum ya duba ragowar kuɗinsa a waya, ko ɗalibi ya shiga intanet neman sakamakon jarrabawa, tambaya ce ake aika wa wani rumbun bayanai. Tambayar kuwa abin da ake so kaɗai take faɗa: a fito da cinikin wane na watan jiya, a jero shi daga sabo zuwa tsoho. Wane jadawali za a fara buɗewa, da wace fihirisa za a yi aiki, ta ina za a ɓullo, duk wannan ba ya cikin maganarta. Akwai wani sashe na manhajar rumbun da aka ɗora wa wannan nauyi, shi ne muke kira mai zaɓen hanya. Da zarar tambaya ta iso, sai ya jero hanyoyin da za a iya bi, ya ƙiyasta tsadar kowacce, ya ɗauki mafi araha, ya shimfiɗa ta mataki-mataki. Wannan jerin matakai shi ne tsarin aiki, kuma shi injin rumbun yake bi sau da ƙafa.

Galibi zaɓin nasa yana yin daidai, har a manta ma yana nan. Amma wata rana sai tambayar da ta saba dawowa cikin ƙiftawar ido ta koma cin minti biyar, masu hulɗa su yi cirko-cirko, kira ya yi wa injiniya yawa. Ya buɗe tsarin aikin, ya tarar na'ura ta yi watsi da fihirisar da ya gina musamman domin wannan tambaya. A nan ne hannunsa ke kaiwa ga ishara, wato 'yan kalmomin da ake cusawa cikin tambaya a ce wa mai zaɓen hanya ya ajiye lissafinsa ya bi ta inda aka nuna masa. Sau da yawa aikin yakan miƙe nan take. Wannan babi zai duba abin da ake biya a kan wannan sauƙi, da kuma lokacin da ya cancanci a biya.

Yadda aka miƙa wa na'ura ragama

Kafin 1970, mai rubuta manhaja ne ke faɗa wa kwamfuta ta inda za ta bi. A manyan rumbunan wancan zamani, irin su IMS na kamfanin IBM, bayanai a sarƙe suke da juna, manhaja ce ke bin sarƙar daga wannan bayani zuwa wancan. In an sauya yadda aka jera su a faifai, sai an koma an yi wa manhajojin kwaskwarima. A 1970 Edgar Codd, masanin lissafi ɗan asalin Ingila da ke aiki a cibiyar binciken IBM ta San Jose a Kalifoniya, ya kawo shawarar a raba aikin gida biyu: bayanai su zauna cikin jadawalai, mai tambaya ya faɗi abin da yake so, neman hanya ya koma wuyan na'ura. A kan wannan tunani Donald Chamberlin da Raymond Boyce suka gina harshen da suka gabatar a 1974, wanda daga baya aka sani da SQL.

Masu shakka sun ce na'ura ba za ta iya zaɓen hanya kamar ƙwararren mai rubuta manhaja ba. Amsa mai ƙarfi ta fito a 1979 daga Patricia Selinger da abokan aikinta a shirin System R na IBM. Dabararsu ita ce a sa wa kowace hanya farashi: shafuka nawa za a ɗauko daga faifai, layuka nawa za a sarrafa. Domin yin wannan lissafi, rumbun yana ajiye taƙaitacciyar ƙididdiga a kan kowane jadawali. Inda babu ƙididdiga kuwa, sai a yi amfani da kintace: sharaɗin da ya ce gurbi kaza daidai yake da abu kaza, a ɗauka zai dace da layi ɗaya cikin goma; wanda ya ce ya fi kaza, a ɗauka ɗaya cikin uku. Sun kuma samo hanyar rage yawan zaɓuɓɓuka, domin jadawalai goma kacal ana iya jera haɗinsu ta hanya 3,628,800. Har yau kusan duk manyan rumbunan SQL a kan wannan tubali suke.

Akwai abu guda da ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga nan. Mai zaɓen hanya ba ya gwada hanyoyin ya ga wadda ta fi sauri. Ƙiyasi yake yi daga taƙaitaccen bayani, ya yanke hukunci kafin a ɗauko ko layi ɗaya. In ƙiyasin ya yi kyau, tsarin aiki ya yi kyau. In ya karkace, duk abin da aka ɗora a kansa ya karkace.

Fihirisa ba kullum take rage wahala ba

Mutane da yawa suna ɗauka cewa in dai akwai fihirisa, amfani da ita shi ne daidai. Ɗauki littafi mai shafi 500 da fihirisa a bayansa. In kalmar da kake nema ta fito a shafi uku, fihirisar ta hutar da kai. In kuwa ta fito a kusan kowane shafi, zuwa bayan littafi da dawowa sau ɗaruruwa ya fi karanta shi daga bango zuwa bango wahala. Haka abin yake a rumbun bayanai.

Yawancin fihirisoshin da ake aiki da su suna bin tsarin bishiya mai rassa da Rudolf Bayer da Edward McCreight suka ƙirƙiro a kamfanin Boeing a farkon shekarun 1970. Shafi ɗaya na bishiyar yana ɗaukar makullai ɗaruruwa, saboda haka ba ta yin tsawo. In kowane shafi ya ɗauki 500, hawa uku ya isa ya rufe layi miliyan 125. Gano inda layi yake ke nan abu ne mai araha. Tsadar tana wajen ɗauko shi, domin fihirisa adireshi take bayarwa, kuma layukan da ta nuna sukan kasance a warwatse cikin shafukan jadawalin.

Mu yi lissafi da misali. A ɗauka wani kamfanin tura kuɗi ta waya yana da jadawali mai suna `ciniki`, mai layi miliyan 50, kowane shafi na ɗauke da layi 100. Shafuka 500,000 ke nan. Akwai gurbi mai suna `hali` da ke nuna ko ciniki ya kammala, ko ya gaza, ko yana jira, kuma an gina masa fihirisa. Manhajar rumbu ta PostgreSQL, bisa saitinta na asali, tana sa wa karanta shafi a jere farashi 1, tsallakawa zuwa shafi na nesa kuma farashi 4, saboda a faifai mai juyawa sai allura ta yi tafiya. In muka ajiye sauran ƙananan kuɗaɗe da abin da ya riga ya zauna a ƙwaƙwalwar kwamfuta, karanta jadawalin gaba ɗaya zai ci 500,000. Idan ciniki 2,000 ne ke jira, bin fihirisa zai ci 8,000, ka ga babu haɗi. Amma da zarar layukan da ake nema sun kai 125,000, hanyoyin biyu sun yi kunnen doki. Wannan adadi kuwa layi ɗaya ne cikin kowane 400 na jadawalin. In sun kai miliyan 5, fihirisa za ta ci miliyan 20, ninki arba'in na karatun gaba ɗaya.

Saboda haka in ka ga mai zaɓen hanya ya bar fihirisa, tambayar farko ita ce layuka nawa ya yi zaton zai samu, kuma nawa ne na gaskiya.

Inda mai zaɓen hanya ke tuntuɓe

Ƙididdigar da yake dogara da ita samfuri ne aka ɗiba. PostgreSQL, in ba a taɓa saitinsa ba, layi 30,000 yake ɗiba, ko da jadawalin ya kai layi biliyan. Injin InnoDB na MySQL shafi 20 yake dubawa a kowace fihirisa. SQL Server yana taƙaita rabuwar bayanan gurbi cikin matakan da ba su wuce 200 ba. Wannan tsimi ne mai ma'ana, domin ƙirga komai kullum zai cinye lokacin da ake son ceto. Amma yana buɗe ƙofa uku ga kuskure.

Ta farko, ƙididdiga takan tsufa. PostgreSQL da InnoDB sukan sabunta ta da kansu ne bayan kusan kashi 10 cikin 100 na layuka sun sauya. A jadawalinmu mai layi miliyan 50, sai an taɓa miliyan 5 ke nan. Kafin nan, cinikin 'yan kwanakin nan, wanda shi aka fi tambaya, kamar babu shi ne a idon mai zaɓen hanya.

Ta biyu, bayanai ba sa rabuwa daidai wa daida. Wani babban dila yana da ciniki dubu ɗari, mai shagon unguwa yana da goma. Tsarin da ya dace da ɗaya bai dace da ɗaya ba. SQL Server yakan shirya tsarin aiki bisa lambar farko da aka kawo masa, ya ajiye shi ya ci gaba da amfani da shi ga masu zuwa baya. In mai shagon ne ya fara zuwa, tsarinsa za a yi wa dila aiki da shi.

Ta uku ita ce mafi wuyar sha'ani: mai zaɓen hanya yakan ɗauka cewa gurabe ba su da alaƙa da juna. A ɗauka rajistar masu hulɗa tana da mutum miliyan 10, ɗaya cikin goma a jihar Kano yake, ɗaya cikin 200 kuma a ƙaramar hukumar Fagge. In aka nemi waɗanda jiharsu Kano ce kuma ƙaramar hukumarsu Fagge, sai ya ninka kason biyu ya ce mutum 5,000. Kowa ya san duk wanda ke Fagge a Kano yake, sharaɗin farko bai rage kowa ba. Amsar gaskiya 50,000 ce. Kuskuren ninki goma ke nan daga gurbi biyu kacal, kuma in aka haɗa wannan sakamako da wani jadawali, kuskuren yana hayayyafa. A 2015 Viktor Leis da abokan bincikensa, galibinsu daga Jami'ar Fasaha ta Munich a Jamus, sun gwada manyan rumbuna da tambayoyi 113 a kan bayanan finafinai na IMDb. Sun gano cewa kuskuren ƙiyasin layuka yana ƙaruwa da yawan jadawalan da aka haɗa, har yakan kai ninki dubu ko fiye, kuma shi ne babban tushen munanan tsare-tsare, ya fi kuskuren farashin kansa illa.

Injiniyan da ya ce na'ura ta yi kuskure, sau da yawa gaskiya ya faɗa. Yana da sanin da ita ba ta da shi. Muhawarar tana kan hanyar da zai isar mata da wannan sani.

Kowane gida da al'adarsa

Ishara ba ta cikin daidaitaccen harshen SQL, kowane kamfani da tasa, kuma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne.

MySQL yana da uku da aka fi sani. `USE INDEX` tana taƙaita zaɓi ga fihirisoshin da aka ambata, amma in na'ura ta ga karatun gaba ɗaya ya fi araha, tana da damar bin sa. `IGNORE INDEX` tana cire wata fihirisa daga lissafi, ta bar sauran. `FORCE INDEX` kuwa tana sa a ɗauki karatun gaba ɗaya a matsayin abu mai tsananin tsada, ba za a koma gare shi ba sai in babu yadda za a yi da fihirisar:

`SELECT * FROM ciniki FORCE INDEX (fihirisar_hali) WHERE hali = 'jira';`

Oracle, wanda ya shigo da zaɓe bisa farashi a Oracle 7 cikin 1992, yana ɓoye ishararsa cikin alamar sharhi:

`SELECT /*+ INDEX(c fihirisar_hali) */ * FROM ciniki c WHERE hali = 'jira';`

Tun da sharhi ne, in ka yi kuskuren harafi a sunan fihirisar, ko ka rubuta sunan jadawali alhali ka ba shi laƙabi, Oracle zai wuce abinsa ba tare da ya ce uffan ba. Mutum na iya shekaru yana zaton ishararsa na aiki. Sai a Oracle 19c aka ƙara rahoton da ke nuna isharar da aka bi da wadda aka yi watsi da ita.

SQL Server na Microsoft umarni yake ɗaukar ishara. In ka rubuta `WITH (INDEX(fihirisar_hali))`, da ita za a yi aikin ko ta halin ƙaƙa. In isharorin da ka sa sun sa aikin ba zai yiwu ba, sai ya mayar maka da kuskure mai lamba 8622, tambayar ta ƙi tashi. SQLite, wanda ke cikin kusan kowace wayar zamani, yana da `INDEXED BY`, kuma masu shi sun bayyana cewa sharaɗi ne: in ba za a iya amfani da fihirisar ba, tambayar faɗuwa za ta yi. Sun tanade shi ne domin mai manhaja ya gane da wuri in wani sauyi ya rushe tsarin da ya dogara da shi.

Masu kula da PostgreSQL kuwa sun shafe shekara da shekaru suna ƙin sanya ishara irin wannan cikin SQL ɗinsu. Hujjarsu ita ce ishara tana wahalar da kula da manhaja, tana hana tambaya cin moriyar gyaran da sabuwar fitowa ta kawo, tana kuma rufe kurakuran mai zaɓen hanya maimakon a kai rahotonsu a gyara wa kowa. Duk da haka buƙatar ba ta gushe ba, shi ya sa injiniyoyin kamfanin NTT na Japan suka samar da ƙarin manhaja mai suna pg_hint_plan.

Abin da ishara ke girgizawa

Mai sa ishara yakan ɗauka mataki ɗaya ya taɓa. A zahiri matakan tsarin aiki a ɗaure suke da juna, in ka ja ɗaya sauran sai sun motsa.

Da farko, tilasta fihirisa bai tabbatar da za a shige ta ta ƙofar da kake so ba. Akwai bambanci tsakanin dira kai tsaye kan makullin da ake nema da karanta fihirisar gaba ɗaya. In tambaya ta ce `YEAR(rana) = 2024`, an lulluɓe gurbin da lissafi, fihirisar `rana` ta yau da kullum ba za ta iya dira ba. Ka tilasta ta a SQL Server, sai ya karance ta kaf, sannan ya riƙa tsallakawa jadawali yana ɗauko sauran gurabe layi-layi. Sunan fihirisarka zai fito a tsarin aiki, amma aikin ya fi na da nauyi.

Na biyu, fihirisa tana fito da layuka a jere bisa makullinta. In tambaya tana son jerin kwanan wata, fihirisar `rana` ta hutar da injin daga jerawa. Ka tura shi ga fihirisar `hali`, sai an ƙara matakin jera sakamako, wanda in ya fi ƙarfin ƙwaƙwalwar da aka ware masa, sai ya malala zuwa faifai.

Na uku, a tambaya mai haɗa jadawalai, sauya hanyar shiga ɗaya yana sauya farashinsa, sai mai zaɓen hanya ya sake lissafin wanda zai fara da shi da kuma salon haɗin. Yana iya barin haɗi mai tara ƙaramin jadawali a ƙwaƙwalwa ya wuce babban sau ɗaya, ya koma haɗi mai leƙa jadawali na biyu sau ɗaya domin kowane layi na farko. Wannan salo na biyu babu kamarsa in layukan 50 ne. In miliyan ne, a nan dare zai yi.

Na huɗu, akwai batun kulle. A InnoDB, bisa saitinsa na asali, umarnin gyara bayanai yana kulle layukan fihirisar da ya ratsa, har da waɗanda bai gyara ba. Fihirisar da ta sa aka ratsa layuka da yawa za ta sa wasu masu ciniki jira, ko da su tambayarsu lafiya lau take.

Na biyar shi ne wanda aka fi mantawa: ishara ba ta gyara ƙiyasi. In na'ura ta yi zaton layi 5,000 alhali 50,000 ne, ka tilasta mata fihirisar da ta dace, har yanzu da 5,000 za ta auna ƙwaƙwalwar jerawa, da shi za ta zaɓi salon haɗi na gaba. An kawar da alamar ciwo ɗaya, ciwon yana nan.

Ranar da bayanai suka sauya

Mu koma ga kamfaninmu. Injiniya ya sa `FORCE INDEX` a tambayar cinikin da ke jira, a lokacin da 2,000 ne. Hukuncinsa daidai ne a ranar. Sai jajibirin Salla ya zo, ciniki ya yi yawa, layin sadarwa tsakaninsu da bankuna ya katse na wasu sa'o'i, masu jira suka kai miliyoyi. Da an bar mai zaɓen hanya, da zarar ƙididdiga ta sabunta yana da damar komawa karatun gaba ɗaya. Yanzu an ɗaure masa hannu, zai yi ta tsallake-tsallake cikin faifai a daidai lokacin da rumbun ya fi buƙatar numfashi. Hausawa na cewa in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Ishara hukunci ne da aka yanke a kan bayanan rana ɗaya, ba ta jin sauyin kiɗa.

Ba sai an yi rikici ba ma. Wani ma'aikaci zai kwafi tambayar ya sauya `'jira'` zuwa `'kammala'` domin rahoton wata, ishara na manne, a tura shi ɗauko kusan duk jadawalin ta fihirisa. Wani zai gina sabuwar fihirisa mafi dacewa, duk tambayoyi su amfana ban da wadda aka ɗaure. Wani kuma zai goge tsohuwar ko ya sauya mata suna: MySQL da SQL Server za su ƙi gudanar da tambayar, manhaja ta tsaya cak, Oracle zai yi shiru ya zaɓi wata hanya. Sannan su kansu injinan suna girma. Oracle ya daina tallafa wa tsohon salon zaɓe bisa dokoki tun daga 10g. Microsoft ya sake gina sashen ƙiyasin layuka a SQL Server 2014. Isharar da aka rubuta domin kauce wa rauni na tsohon inji tana nan daram bayan an gyara raunin, wanda ya rubuta ta kuma wataƙila ya daɗe da barin wurin.

Kafin ka sa, da bayan ka sa

Duk wannan ba ya nufin a haramta ishara. Akwai wuraren da ta cancanta. Sananne daga ciki shi ne tambayar da ke neman layi goma na ƙarshe da suka cika wani sharaɗi, kamar cinikin wani mai asusu. Na'ura takan zaɓi fihirisar kwanan wata, da zaton tana fara bi daga sabo za ta ci karo da goman da wuri. In mai asusun ya shekara biyu bai yi ciniki ba, sai ta ratsa cinikin kowa na shekara biyu kafin ta isa gare shi. A nan ƙididdiga tana iya zama sabuwa fil, zaton cewa layukan a baje suke daidai shi ne ya gaza. Haka nan in rumbu ya durƙushe da tsakar rana, mutane na jiran kuɗinsu, ishara tana iya tsayar da ɓarna kafin a gano tushenta. Wannan uzuri ne karɓaɓɓe, muddin an dawo an yi binciken.

Binciken kuwa yana da tsari. A fara da `EXPLAIN ANALYZE` a PostgreSQL ko MySQL na zamani, ko makamancinsa a sauran, a ɗora adadin da aka ƙiyasta kusa da na gaskiya a kowane mataki. Matakin farko da suka yi hannun riga, nan matsalar take. In ƙididdiga ce ta tsufa, a sabunta ta, a kuma matso da lokacin sabuntawa ga manyan jadawalai. In gurabe ne masu alaƙa, a sanar da injin: PostgreSQL ya kawo `CREATE STATISTICS` a fitowa ta 10 cikin 2017, Oracle yana da irinsa tun 11g. In rabon bayanai ne ya karkace, MySQL 8.0 yana iya ajiye taswirar rabuwarsu. In an lulluɓe gurbi da lissafi, a sake rubuta sharaɗin ya zama daga ranar kaza zuwa ranar kaza. Sau da yawa maganin shi ne fihirisa mai gurbi biyu, kamar lambar asusu da kwanan wata tare, wadda za ta tace ta kuma jera a lokaci guda, na'ura ta ɗauke ta da kanta. In kuma rumbun a kan faifan SSD yake, farashin 4 na tsallake ya yi yawa, masu kula da PostgreSQL da dama sukan sauko da shi kusa da 1. Duk waɗannan gyare-gyare suna da fifiko ɗaya a kan ishara: suna ƙara wa na'ura sani, ta yadda gobe in bayanai sun sauya za ta sauya tare da su, kuma duk tambayoyin da ke taɓa jadawalin za su amfana.

In an bi duk wannan abin ya ƙi, to a zaɓi ishara mafi sassauci. Cire fihirisa ɗaya mai ruɗar da na'ura ya fi ɗaure ta a kan ɗaya, domin ƙofar sabuwar fihirisa ta gobe tana nan a buɗe. In injin yana ba da damar kafe tsari daga wajen manhaja, kamar Query Store da ya zo a SQL Server 2016 ko tsarin kula da tsare-tsare na Oracle 11g, a fifita shi, saboda mai kula da rumbu yana ganin abin da aka kafe a wuri guda, yana kuma iya kwance shi ba tare da an sake fitar da manhaja ba. A gwada tambayar da lambar da ba ta da layuka da yawa, a kuma gwada ta da wadda ta fi kowacce yawa. A rubuta kusa da ita dalilin sa ta, da kwanan wata, da girman jadawalin a ranar. A ajiye jerin duk isharorin da ke cikin manhaja, duk lokacin da za a sabunta injin ko jadawali ya ninka, a cire su ɗaya bayan ɗaya a wurin gwaji a ga ko har yanzu ana buƙatarsu.

Mai zaɓen hanya yana sake lissafi duk lokacin da aka ba shi sabon bayani, ba ya gajiya, ba ya tafiya hutu. Ranar da ka sa ishara, ka karɓi wannan aiki daga hannunsa ka ɗora wa kanka da waɗanda za su gaje ka. Saboda haka, ya kai mai karatu, in za ka iya ci gaba da duba ta kamar yadda na'ura za ta yi, sa ta ka rubuta dalili. In ba za ka iya ba, gyara ƙididdiga, gyara fihirisa, gyara tambayar, ka bar wa na'ura zaɓin hanya.